Ƙara Mata, Ba Ta Cika Ba

Mu dai a unguwar nan, kai a garin nan ma baki ɗaya, ba mu taɓa yarda da tsayawar famfo ta farko ba. Mai zuba mai zai zura kan famfo a bakin tanki, ya danna, mita ta kama gudu, can sai a ji ƙas, mariƙi ya saki, mai ya tsaya. A wurin wanda ya ƙera famfon magana ta ƙare ke nan, tanki ya cika. A wurinmu kuwa yanzu aka fara ciniki. Mai mota zai leƙo ta taga ya ce, "Ƙanena, ƙara mata, ba ta cika ba." Yaro ya sake dannawa, ƙas. "Ɗan jawo shi waje." Ƙas. "Nawa ta sha?" "47,300 ne, Alhaji." "To kai ta 48,000, ba na son canji." Yanzu ma da yawancinmu ke biya da kati ko taransfa, inda babu wani canji da za a nema, halin yana nan yadda yake. Ido ne kawai ba ya son ganin kuɗi da wutsiya.

In motar haya ce kuwa, Sharon ko Golf ko bas, to nan ne za ka ga aikin sosai. Yaron mota zai diro ya dafa bayanta da hannu biyu ya yi ta jijjiga, fasinja a ciki suna rangaji, tsohuwa tana riƙe da ƙullin kayanta tana cewa, "Ɗan nan, a hankali mana." Wasu direbobin har guntun katako suke ajiyewa a but don wannan aiki. Za a jefa shi ƙasa, a hau da tayar baya ta ɓangaren tanki, motar ta karkace, sannan a ci gaba da ɗura a hankali, ɗis ɗis, direba ya sunkuya yana leƙen rami, har sai ya ga mai ya taso bakin wuya yana sheƙi. Sai a ɗaura murfi, man yana tsiyayowa ta jikin fenti, yaro ya fasa ruwan leda ya watsa, a tashi mota a kama hanyar Kaduna ko Jos da zuciya ɗaya, an yi ful-tanki na gaske.

Ba na ganin wautar kowa a nan, domin na san inda muka samo wannan hali. A layin mai muka same shi. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 ya san abin da ake kira kwana a gidan mai, mutum ya shimfiɗa tabarma a gefen motarsa, ya yi sallar asuba a nan, rana ta take, sai da ya rage mota uku a gabansa a ce mai ya ƙare. Ba sai an je da nisa ba ma. Farkon 2022 an sha wahalar nan lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur aka janye shi daga kasuwa, farkon 2023 kuma aka haɗa mana biyu, ga ƙarancin mai ga ƙarancin takardar kuɗi. Mutumin da ya wuni a rana kafin ya iso bakin famfo ba lafiyar tanki ce a ransa ba. Gobe ce a ransa, da 'yan bumburutu da ke jiransa a bakin titi da galan da mazurari da farashin da suka ga dama. Daga 29 ga Mayun 2023, da aka ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000 a garuruwa da dama. Sai kowa ya ƙara riƙe karatun da ya riga ya haddace, cewa man da ka sha yau ya fi na gobe sauƙi, saboda haka duk inda ɗigo zai shiga a tura shi.

Akwai kuma gado. Iyayen gidanmu da suka tuƙa Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna tun shekarun 1970 su suka koya wa yaransu jijjiga, yaran suka zama direbobi suka koya wa nasu. A waccan motar abin da sauƙi, tanki ne da wuya da 'yar kafar numfashi. In ka jijjiga, iskar da ta maƙale ta fito, ka sami ɗan wuri, in abin ya yi muni mai ya zube a ƙasa. Motocin da muke hawa yanzu ba haka cikinsu yake ba, mu kuwa har yau da hannun Fijo muke ba su mai.

Da yawanmu muna zaton akwai wata kwamfuta ko wayar lantarki a cikin kan famfon da ke sanin tanki ya cika. Babu ko ɗaya. Wata rana in babu layi, ka roƙi mai zuba mai ya juya maka kan famfon ka duba. Kusa da bakinsa, ta ƙasa, za ka ga wata mitsitsiyar huda. Daga hudar nan akwai siririn bututu da ya bi ta cikin babban ya koma har cikin mariƙi. A cikin mariƙin akwai inda hanyar mai ta tsuke, in man ya zo wucewa ta matsatsin sai ya ƙara gudu, gudun nan kuma ya haifar da zuƙa, ya riƙa janyo iska ta siririn bututun. Wani masanin Italiya mai suna Giovanni Battista Venturi ne ya yi bayanin wannan ɗabi'a ta ruwa tun 1797, shi ya sa ake kiran matsatsin da sunansa. Muddin hudar a buɗe take, iska ce ke shigowa, komai na tafiya daidai. Da zarar mai ya taso ya rufe ta, iskar ta yanke, sai zuƙar ta koma kan wata 'yar fatar roba da ke cikin mariƙin, ta fizge ta, sakatar da ke riƙe da bawul ta kuɓuce, sifirin ya maida bawul ya rufe. Ƙarar wannan sakata ce muke ji. Wani Ba'amurke, Richard Corson, mutumin garin Olean a jihar New York, shi ake danganta wa ƙirƙiro wannan dabara a 1939, kuma har yau a kanta ake, daga Amurka har gidan man da ke bakin kasuwarmu.

Abin lura shi ne hudar nan ba ta san lita ba, ba ta san girman tankinka ba, ba ta san nawa ka biya ba. Abu ɗaya ta sani, ruwa ya taɓa ta ko bai taɓa ta ba. Saboda haka ƙas iri biyu ne. Akwai na ƙarshe, wanda ke zuwa bayan mota ta sha ta ƙoshi. Akwai kuma na farko, wanda ke zuwa tun ba a je ko'ina ba, allura tana ƙasa, an zuba lita biyu famfo ya katse, an ƙara ɗaya ya sake katsewa. Saƙonsu ba ɗaya ba ne, amma mu amsa ɗaya muke ba su, a danna a ƙara. Abin da ya fi damuna kuma shi ne, yadda muke yi wa na ƙarshen shi ne sau da yawa yake haifo mana na farkon.

Masu ƙera mota da gangan suke barin sarari a saman tanki, ba rowar wuri ba ce. Fetur yana kumbura in ya ji zafi, kusan kashi ɗaya cikin 1,000 a kowane digiri ɗaya. Man da ke fitowa daga rumbun ƙarƙashin ƙasa da ɗan sanyinsa yake fitowa. Ka ɗura lita 60 da safe a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Kano, inda zafi kan haye digiri 40, ka ajiye motar a rana a bakin ofis, ga kwalta na turiri ta ƙasa, ga salansa da zafinta a kusa. In man ya ƙara digiri 15 kawai, ƙarin da zai yi ya doshi lita guda. Ina za ta? Sararin da aka bar mata ka riga ka cike shi da jijjiga. Shi ya sa za ka ga mota a ajiye, ba a taɓa ta ba, amma ƙarƙashinta ya jiƙe, wari ya cika wurin, maigadi yana cewa, "Yallaɓai, motarka fa tana yoyo." Ba yoyo ba ne, kuɗin da ka ƙara ne suke fita.

Wannan ma da sauƙi, tunda ana gani. Wanda ba a gani ya fi tsada. Motocin zamanin nan ba sa sakin tururin fetur a iska yadda na da ke yi. Akwai wani baƙin akwati na roba, galibi a ƙarƙashin mota kusa da tanki, wani lokacin a gaban injin, cike da wani irin gawayi da aka sarrafa. Kanikawa kanista suke ce masa. Aikinsa ya kama tururin da ke tashi daga tanki ya riƙe, in mota na tafiya wani bawul ya buɗe, injin ya zuƙe tururin ya ƙona. Amurka ta fara tilasta irin wannan tsari tun farkon shekarun 1970. Daga 1998 kuma suka ƙara wani mataki, aka fara ƙera ƙananan motocinsu ta yadda ko a lokacin shan mai, iskar da man ke korowa daga tanki ba ta bakin wuya za ta fito ba, ta cikin gawayin nan za ta bi, a tace ta, sannan ta fita. Zuwa 2000 duk sabbin ƙananan motocinsu sun koma haka, manyan irin su jif da bas suka biyo baya. To duba titinmu. Camry, Corolla, Accord, Sienna, Highlander, da yawa cikin abin da muke kira Beljiyam ko Kwatano daga Amurka da Kanada suka taso. Ke nan in motar da ke ƙofar gidanka irin waɗannan ce, ta cikin akwatin gawayi take numfashi duk lokacin da take shan mai.

Gawayin nan don tururi aka yi shi, ba don ruwa ba. In ka cika tanki har wuya, ka jijjiga, ka ƙara, ruwan fetur yana samun hanya ya gangara cikin siraran tiyon ya shiga akwatin. Gawayi ya jiƙe, ya dunƙule, wani ya farfashe ya bi tiyo ya toshe bawul. Ba ranar za ka gani ba. Wata da watanni za a yi, sai wata rana wutar cek ta kama a gabanka, ko ka lura duk sanda ka sha mai sai motar ta yi gardamar tashi a bakin famfo, tana ja tana tari kafin ta kama, ko wari ya riƙa shigowa ciki iyali suna ƙorafin ciwon kai. Daga nan sai babban ya zo, motar ta daina karɓar mai.

Kowa ya taɓa ganin mai man gyaɗa tana ɗura kwalba. In ta zauna da mazurari daram a bakin kwalbar, man sai ya tsaya a cikin mazurarin ya ƙi sauka, yana ɓulɓul, har ya nemi zubowa. Ba ta tsayawa faɗa da shi, ɗan ɗaga mazurarin take yi, iskar ciki ta sami hanyar fita, mai ya wuce sumul. Tankin mota haka yake. Kowace lita da za ta shiga, sai litar iska ta fita. In hanyar iskar ta toshe, man ya taru a wuya ya dawo baya, ya taɓa hudar nan, ƙas. Famfo bai yi ƙarya ba, ruwa ya taɓa shi. Motar ce ba ta numfashi.

Ba kullum laifin jijjiga ba ne, gaskiya. Muna da ƙura, kuma ƙurarmu ba ta wasa ba ce. Motar da ke bin hanyar ƙauye ranar kasuwa, ko wadda ta sha hunturu uku ba a taɓa leƙa ƙarƙashinta ba, 'yar matatar da ke bakin hanyar iskar tana iya cikewa da jar ƙasa ta toshe. Wadda aka daɗe da ajiyewa kuma, zanzaro na iya samun bakin tiyo ya yi ginin laka a ciki. Kada wani ya ce wannan zancen teburin mai shayi ne. A 2011 kamfanin Mazda ya janye motoci fiye da 50,000 ƙirar Mazda6 a Amurka saboda wani gizo-gizo da ke shiga tiyon numfashin tanki yana saƙa a ciki har ya toshe shi, a 2014 kuma aka sake yin wata janyewar a kan gizon dai. Akwai kuma motar da aka taɓa bugawa ta baya, mai gyaran jiki ya miƙe ƙarfe ya yi fenti ta fito tsaf, amma wuyan tanki ya lanƙwashe a ciki ko tiyo ya naɗe, ba wanda ya duba. Mu da muke sayen motocin da suka yi hatsari a can aka gyara a nan, wannan ba baƙon abu ba ne.

Wani lokacin kuma motar lafiyarta ƙalau, famfon ne. A Amurka doka ta taƙaita gudun famfon fetur, kada ya wuce galan 10 nasu a minti ɗaya, wajen lita 38 ke nan, don kada ya fi ƙarfin wuyan tanki. Famfon da ke harbo mai da ƙarfi, in ya haɗu da ƙaramar mota mai siririn wuya ko mai lanƙwasa kusa da baki, man na dukan bango ya fantsamo baya ya rufe hudar. Mai dizal ma ya san nasa, shi kumfa yake yi, kumfar ta taso ta katse famfo alhali da sauran wuri. Masu zuba mai da suka daɗe a aikin sun san maganin wannan ba tare da an koya musu a aji ba. Za ka ga ya rage hannu, ya jawo kan famfon baya kaɗan, ko ya murɗa shi gefe, wani har ya kifa shi, sai man ya tafi. In ka ga yana haka tun daga farkon zubi, taimakonka yake yi.

A nan ne nake jin nauyin abin da muke yi wa yaran nan. Famfo ya katse sau uku, sai mai mota ya fito yana huci. "Kai, iska kake sayar min!" "Wallahi Alhaji ba ni ba ne, motar ce ba ta karɓa." "Motar da na saya miliyan nawa ce ba ta karɓa? Kira min manajanku." Na baya suna ta hon, wani ya leƙo ya ce ai duk halinsu ɗaya, ɓarayi ne. Yarinya ce ma wani lokacin, sa'ar 'yarka, tana tsaye tun asuba, ta sunkuyar da kai tana cewa, "Baba, ka yi haƙuri." An bar jaki ana dukan taiki. Katsewa da sake dannawa ba ya sa mita ta ƙirga abin da bai fita ba. Mitar tana cikin jikin famfo, abin da ya ratsa ta take ƙirgawa. Haka masu cewa a ɗaga musu tiyo a zazzage, wai sauran mansu na ciki. Bawul ɗin a mariƙi yake, tiyon kullum cike yake. Ka same shi cike da ka zo, za ka bar shi cike, ba a ci maka ko cokali ba.

Ba ina cewa babu cuta a gidajen mai ba. Akwai, kuma mun sha ji an rufe wasu saboda ita. Amma ba a ƙas take ba. Tana wurin mitar da aka taɓa cikinta ta yadda lita 10 a allo ba ta kai 10 a tanki, tana wurin wanda bai maida mita sifili ba bayan ya sallami ɗan acaɓa, ya ɗora maka a kan na wani yayin da abokinsa ke jan ka da hira ta ɗaya tagar. Wannan aikin hukumar NMDPRA ne, wadda ta gaji DPR a 2021, da kuma sashen awo da ma'auni na ma'aikatar ciniki ta tarayya, su ke zuwa da gwangwanin awo su gwada su rufe famfon da ya gaza. Naka aikin ka sauko ka ga sifili da idonka kafin a fara, ka dubi lita, ba naira kaɗai ba. Sannan ka san tankinka. Corolla da yawa lita 50 ne, Camry da muke kira Muscle lita 70. Wannan lissafin bai haɗa da wuya da sararin sama ba. Mutum zai zo da tanki kusan a bushe, ya sa a yi ta ɗura har wuya, mita ta nuna abin da ya ɗara na littafi, sai ya tada jijiyar wuya wai ga shaida an cuce shi, alhali da bakinsa ya ce a ƙara. Wani kuma allurarsa ce ta lalace, ba ta kai wa sama ko an cika, shi kuwa ya fi yarda da ita a kan famfo.

Akwai ɗaya ɓangaren da ba mu cika zancensa ba, kuma ya fi ba ni tsoro, wato famfon da ba ya katsewa sam. Kan famfo yana tsufa. Ana yar da shi a ƙasa, mota na taka shi, bakinsa na lotsewa, fatar robar ciki na tsagewa. Kuma tunda dabarar duk a kan gudun mai take, famfon da matatarsa ta toshe yana zuba a sanyaye ba ya samar da zuƙar da za ta fizge sakata. Irin wannan ne za ka ga yaro ya maƙale mariƙi ya tafi karɓar kuɗin wani, kafin ya juyo mai ya yi ambaliya, yana bin gefen mota yana malala ƙarƙashin taya. Saboda haka in ka ga famfo na tafiyar hawainiya, kada ka ce bari in je in sayo ruwa kafin ya cika, a nan ne ya kamata a tsaya a kansa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, ba ka ganinsa, kuma ƙyas ɗaya yake jira. Mu kuwa da yawa ba ma kashe mota, wai kada sanyin ciki ya tafi, ko batir ba shi da ƙarfi ana tsoron turi.

'Yan'uwanmu masu babur su ne suka fi zama a bakin haɗarin. Tankin babur ba shi da wuyan da kan famfo zai shige, mai zuba mai a sama yake riƙe da shi yana aunawa da ido, hudar tana waje, babu abin da zai katse. Shi kuma ɗan acaɓa yana zaune daram a kai, tanki a tsakanin cinyoyinsa, injin da ya wuni yana aiki yana huci a ƙasa, yana karkata mashin hagu da dama don ya ƙara shiga. Wani ma da ɗansa a gaba, an ɗauko shi daga makaranta, fuskarsa dab da bakin tanki. In ya tumbatsa, kan injin da fulogi da salansa zai gangara. Sauka daga kan babur kafin a zuba ba ya cin minti ɗaya, kuma duk mai zuba man da ya ce maka, "Yaya, ɗan sauko," ya fi wanda ya ƙyale ka ƙaunarka.

Ko ba wuta, akwai abin da ake shaƙa. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, musamman ta jini. Kai minti biyar za ka yi ka tafi. Yaron da ka sa ya sunkuya yana leƙen bakin tankinka yana ɗis ɗis, shi a nan zai wuni, gobe ma a nan, hannunsa jiƙe da mai, da shi zai ci abinci. Duk ƙarin da muka sa shi yi bayan famfo ya katse, ƙarin tururi ne a ƙirjinsa. A wurare da yawa kuma in lissafi bai cika ba da yamma, daga ɗan albashinsa ake cirewa.

To in motarka ta fara wannan hali na katse famfo tun daga farko, rarrabewa ba ta da wuya. Gwada wani famfon, gwada wani gidan man. In a wuri ɗaya kawai take yi, kuma ka ga na gabanka ma ya sha fama, famfonsu ne, ka gaya wa manaja cikin mutunci ka canza wuri. In kuwa duk inda ka je sai an yi ta lallaɓa ta, motarka ce, gareji za ka. A can kuma sai ka buɗe ido, domin akwai gyaran da ya fi ɓarnar muni. Wani bakaniken zai ce, "Oga, wannan kayan Turawa ne, ba ya aiki a nan," ya cire akwatin ya yar, ya bar tiyo a buɗe yana shan ƙura yana fitar da wari, ko ya cusa noti a bakinsa ya ɗaure da waya. Wanda aka toshe ɗin nan, tanki ya rasa ta inda iska za ta shiga ta maye gurbin man da injin ke sha, sai ka ji in an buɗe murfi yana wani dogon tsaki, famfon cikin tanki yana wahala, wani tankin har ya lotse. Ka ce masa a bi abin daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada. A fara duba wuyan tanki da tiyon da ke gefensa ko akwai lanƙwasa, a cire tiyon numfashi a busa a ga ko iska na wucewa, a duba matatar ƙura da bawul ɗin da ke kusa da ita, sannan a zo kan akwatin gawayin. Sau da yawa ƙasa ce kawai ko gidan ƙwaro, a kakkaɓe a mayar.

In ta tabbata akwatin ne ya mutu, za a tura ka Ƙofar Ruwa in a Kano kake, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, a ce ka nemo na Beljiyam. Ka tafi da tsohon a hannu don a gwada bakunan tiyo, domin ko a mota iri ɗaya suna bambanta daga shekara zuwa shekara. Wanda aka miƙo maka kuma kada ka karɓa don ka ga an wanke shi yana ƙyalli. Ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka kai hanci, ka girgiza shi a kusa da kunne, ka juya bakinsa ƙasa a kan tafin hannunka. In ya yi nauyi fiye da kima, ko yana warin ɗanyen fetur, ko baƙaƙen ƙwayoyi sun zubo, to shi ma daga motar wani mai cewa a ƙara aka ciro shi, ka ce a kawo wani.